Kafin A Ɗora Ƙararrawar Majami'a A Kan Sikeli

Bayan girbin bara wani dattijon ekklesiya daga wani ƙauye a ƙasar Ajingi ya aiko mini da saƙo in zo, wai magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a taron dattawansu. Da na isa muka gaisa, na tambayi iyali da gajiyar kaka, sai ya kama hannuna ya kai ni bayan majami'a, ya nuna mini wata tsohuwar ƙararrawa a kan gwafanni biyu. Ya ce, "Malam, ga abin da yake so ya raba mana kai. Kai da ka yi karatu, duba mana."

Abin da ya faru shi ne, wani ɗan gwangwan ya zo da babur da sikelinsa ya yi tayin ƙararrawar. Matasa suka ce a sayar a cika kuɗi a sayi lasifika da batir. Tsofaffi suka ce faufau, domin a wurin iyayensu suka ji cewa daga kan jirgin ƙasa na farko da ya shigo Kano aka ciro ta. Da matasa suka ji haka sai suka ce to ai ma gara, a nemi masu sayen kayan tarihi, su ne za su biya da tsoka. Kowane ɓangare ya jingina da wannan labari na jirgi, alhali kuwa babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa sauke ƙararrawar ya dube ta da kyau.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, kada wata ekklesiya ta sayar da tsohuwar ƙararrawarta, ko ta kai wa mai walda, ko ta riƙa ba baƙi labarin asalinta, sai ta bincika ta rubuta abin da ta gani. Binciken nan kuwa ba ya bukatar digiri. Mayen ƙarfe, da tef na awo, da tocila, da fensir da takarda sun isa.

Bari mu fara da tarihin, domin shi ne awon farko. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne mutumin Kanada. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, kuma a shekarar nan aka haɗe shi da reluwen Ikko suka zama hukuma ɗaya. Daga baya aka ja reshe daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Tsohon dogon nan bai ratsa Gaya ba, bai ratsa Ajingi ba. Kakanninmu jakuna da raƙuma suka riƙa ɗora wa gyaɗa zuwa inda ake awo, waɗansu kuma suka tafi cin rani suka yi lebura a reluwe. Saboda haka duk wani ƙarfen reluwe da ke ƙasarmu, wani ne ya ɗauko shi ya kawo, kuma wannan mutum yana da suna da ya kamata a sani.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sa ƙararrawa a kan jirgi al'adar Amurka da Kanada ce. A can dogo yakan ratsa tsakiyar gari da hanyoyin da babu shinge, shi ya sa tun shekarun 1830 aka fara kafa dokar cewa lalle kan jirgi ya kasance da ƙararrawa. A Ingila kuwa dogo a killace yake, usur suka dogara da shi, kawunan jiragensu galibi ba su da ƙararrawa. To, yawancin kawunan jirgi masu cin kwal da suka yi aiki a Nijeriya daga masana'antun Birtaniya aka kawo su, irin su Vulcan Foundry, da North British na Glasgow, da Beyer Peacock na Manchester. Na dizal kuwa a 1955 suka fara shigowa, daga baya aka sayo waɗansu daga Amurka da Kanada. Don haka idan an ce maka ƙararrawa daga kan jirgin 1911 ta fito, kana da dalilin da za ka ce a bari tukuna a duba.

Amma akwai wata hanya da ƙararrawar jirgi ta gaske za ta iya biyowa ta zo mana. Lokacin da kamfanonin reluwe na Amurka suka riƙa yanka tsofaffin kawunansu masu kwal a shekarun 1940 da 1950, sun ba majami'u da makarantu kyautar ƙararrawa masu yawa, kamfanin Southern Railway ma ya yi suna a kan wannan. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA a 1954, a Toronto aka ƙulla shi a 1893, kuma da yawa cikin ma'aikatansa mutanen Kanada ne da Amurka. Idan har an sami ƙararrawar jirgi a wata tsohuwar tashar mishan, kada a yi saurin cewa daga Kano ko Zariya ta fito. A duba littattafan mishan tukuna.

To yaya ake gane ta? Ga abin da na koya, kuma kowa zai iya gwadawa.

Da farko a manna mata mayen ƙarfe. Ƙararrawar kan jirgi mai kwal da tagulla ake zuba ta, wato jan ƙarfe wajen kashi huɗu da kuza kashi ɗaya, irin kuzar da aka riƙa haƙa a Jos. Maye ba ya kama tagulla. Idan ya kama gam, to baƙin ƙarfe ne. Tagulla in ta tsufa takan yi duhu ko ta yi kore-kore, baƙin ƙarfe kuwa jan tsatsa yake yi. Haka kuma in an buga tagulla amonta yakan daɗe yana kai da kawowa a kunne, na baƙin ƙarfe kuwa yakan mutu da wuri.

Na biyu a auna faɗin bakinta. Ta kan jirgi mai kwal takan kai inci 15 zuwa 17, tana da kauri ƙwarai, ita kaɗai ba tare da mazauninta ba takan kai kilo 30 ko fiye. Ta kan jirgin dizal ta fi ƙanƙanta, wajen inci 12, kuma na baya-bayan nan da yawa na baƙin ƙarfe ne. Idan yaro zai iya ɗaukar ƙararrawa da hannu ɗaya, tana da mariƙi na katako, wannan ta hannu ce, irin ta makaranta ko ta tasha.

Na uku a dubi yadda aka rataye ta. Ta jirgi tana da wuya guda mai kauri da yake shiga cikin wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da karkiyar shanun noma, a ɗaure shi da ƙaton noti daga sama. Karkiyar kuma tana lilo a kan mazauni mai ƙafa biyu wanda ake ɗaurewa a bisa tukunyar jirgi. A gefe akwai hannu inda ake ɗaura igiya, ko inda ake haɗa na'urar iska mai kaɗa ta. Ta dizal kuwa ba ta lilo, a kafe take, na'urar iskar tana cikinta tana buga harshen. Ƙararrawar jirgin ruwa ita ma a kafe take, a harshenta ake ɗaura igiya, kuma galibi an zana sunan jirgin da shekararsa a jikinta.

Na huɗu, wanda ya fi rikitar da mutane, shi ne rubutu. Mu a ganinmu ƙararrawar da ta fi rubutu ita ta fi asali. A wajen ta jirgi abin akasin haka yake. Jikinta sumul yake domin an goge ta a inji, sau da yawa babu suna ko kaɗan. Abin da za ka samu ƙananan lambobi ne da aka buga da guduma a can sama kusa da wuya, wani lokaci sai an kwance noti kafin a gan su. Lambar tana iya zama ta kan jirgin, ko ta masana'antar da ta ƙera shi, ko kuwa lambar kayan gyara kawai. Akan kuma tarar an soke wata lamba an buga sabuwa, domin a ma'aikatar gyara sukan cire ƙararrawa daga wannan jirgi su sa wa wancan. Cikinta sau da yawa akwai ragowar jan fenti, da gurbin da harshe ya ci saboda shekaru. Idan ka ga ƙararrawa mara nauyi, jikinta da kaushi, ga sunan kamfanin reluwe da shekara sun fito ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe, yi hattara, irin waɗannan ake zubawa sababbi don a yaudari masu sayen kayan da.

Ƙararrawar da aka zuba musamman don majami'a ita ce mai rubutu a jiki. Za ka ga sunan maƙeranta ya taso, kamar John Taylor na Loughborough, ko Mears da Stainbank na Whitechapel a Landan, masana'antar da ta rufe a 2017, ko Gillett da Johnston na Croydon. Akwai kuma masu araha na baƙin ƙarfe da aka yi don gonaki da makarantu da ƙananan majami'u, waɗanda kamfanin C. S. Bell na Hillsboro a jihar Ohio ya yi fice a kansu. Su a jikin karkiya ake samun suna da lambar girma.

Wata ƙaramar dabara kuma: duk inda aka ga haruffan NRC, ba a buga su kafin 1955 ba, domin a shekarar ce aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da wannan suna. 

To, mu koma ƙauyen nan. Muka sa samari huɗu suka sauke ƙararrawar a kan tabarma. Na ciro maye daga tsohuwar lasifikar rediyo na kai kusa, sai ji muka yi ƙas, ya manne. Jikinta duk tsatsa ne, ba ta da kauri, ga lambar girma a jikin karkiya. Irin ta makaranta ce, wadda ake kawo wa tashoshin mishan. Babu alamar ta taɓa hawa kan jirgi. Wurin ya yi tsit. Dattijon nan ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe shekara da shekaru ƙarya muke gaya wa jikokinmu." Na ce, "A'a Baba, ba ku yi ƙarya ba, abin da kuka ji kuka faɗa. Amma daga yau in kun sake faɗa, to ya zama ƙarya."

Matasa ma jikinsu ya yi sanyi, domin baƙin ƙarfe a sikeli ba shi da wani kuɗin kirki, balle a yi zancen masu sayen kayan tarihi. Muna cikin haka sai wani yaro ya tafi gindin dalbejiya ya buga guntun ƙarfen da ake kiran 'yan makarantar Lahadi da shi. Na je na duba, ashe guntun dogo ne. Muka wanke gefensa, muka ɗora takarda muka goga fensir, sai ga baƙaƙen masana'anta da lambobin shekara sun fito, shekarar kuwa ta girmi duk wanda ke tsaye a wurin. Masu narka dogo sukan fitar da sunansu da shekarar aiki a jikinsa tun yana da zafi. Nan take wata tsohuwa ta tuna cewa ƙanen mahaifinta ne ya kawo shi a kan jaki lokacin da ya bar aikin reluwe, kuma shi aka fara bugawa tun ana sujada a rumfar kara. Abin reluwe na gaske yana nan rataye a rana da ruwa, kowa yana wuce shi, ana ta rigima a kan wanda ba shi ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san akwai masu cewa, Malam, wannan duk zancen ƙoshi ne. Rufin majami'a yana yoyo, mai bishara bai karɓi albashinsa ba wata uku, kowa yana da agogo a wayarsa, me za a yi da tsohon ƙarfe? Ban raina wannan magana ba, gama na san yadda baiko yake a ƙauye in damina ta yi gardama. Amma a yi lissafi. Ɗan gwangwan nauyi yake saya, ba ya sayen shekaru. Kuɗin da zai bayar ba zai kai ƙarshen wata ba, ƙararrawar kuwa in ta shiga tukunyar narki ta tafi ke nan har abada. Lasifika tana bukatar batir da gyara, in ta yi shekara biyar ta yi ƙoƙari. Ƙarfen nan ya yi wa kakanni aiki, ya yi wa iyaye, bai taɓa neman ko kwabo ba. Tsohuwar da ba ta da waya, da manomin da ke can bakin fadama, har yanzu shi suke ji. In gobara ta tashi da dare ko an yi rasuwa, ba a jiran a yi cajin batir.

Waɗansu kuma suna cewa kada mu mai da ƙarfe abin girmamawa. Wannan gaskiya ne, ƙararrawa ba ta da wani tsarki, kayan aiki ce kamar benci da fitila. Abin da nake karewa shi ne sunayen mutanen da suka ɗauko ta, da shekarar da suka fara taruwa, da wahalar da suka sha. Yawancin ƙananan ekklesiyoyinmu na ƙasar Hausa ba su da rubutaccen tarihi. Gara ta cinye littattafan farko, waɗanda suka ga farkon abin kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ƙarfen da ke rataye a bishiya shi kaɗai ne shaidar da ta rage mai ɗauke da shekara a jikinta. Kuma mu da muke koya wa yara faɗin gaskiya, bai dace mu riƙe labarin da ba mu tabbatar ba don kawai yana da daɗin faɗi.

Akwai kuma gargaɗi da ya zama dole in yi. Kada wani ya karanta wannan ya tafi neman guntun dogo ko ƙararrawar jirgi a hannun masu yanka ƙarfe. Dogo da kayan jirgi dukiyar hukuma ce, kuma satarsu ta zama annoba a ƙasar nan, ana kama motoci maƙare da su. Wanda ya sayi kayan sata abokin ɓarawo ne, ko da majami'a ya kai su. Tsohon guntun da aka gada tun zamanin kakanni daban, wanda aka yanko jiya da dare daban. Wannan ma wani dalili ne na rubuta yadda naku ya zo, da sunan wanda ya kawo, domin ranar da za a tambaya.

Saboda haka ga shawarata ga dattawa da magatakardan kowace ekklesiya, daga Gaya da Ajingi har Sumaila da Roni da duk inda wannan jarida take kaiwa. A sa rana ɗaya a sauke ƙararrawa. A gwada ta da maye, a auna faɗi da tsawo, a ɗauki hoto ciki da waje, a kwafe kowace lamba da fensir da takarda. A zaunar da tsofaffi maza da mata, musamman na zumuntar mata domin su ne ba sa mantuwa, a rubuta abin da kowa ya sani, a bambanta wanda ya gani da idonsa da wanda ya ji a bakin wani. A sa duka a littafin ekklesiya, a aika da kwafi ofishin gunduma. Kada a kankare ta da yashi ko a shafe ta da fenti, domin lambobin da ake nema ƙanana ne, suna iya ɓacewa. Kada a riƙa dukan bakinta da guduma daga waje, haka ake tsaga su. In kuwa ta riga ta tsage, kada a kai wa mai waldar bakin hanya, tagulla ba ta karɓar irin wannan wuta, kuma amonta ba zai dawo ba. A ajiye ta a ciki yadda take.

In an sami lamba ko suna da ba a gane ba, akwai wuraren tambaya. Akwai Gidan Makama a Kano, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Akwai gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye tsofaffin kawunan jirgi, har da na ƙaramin dogon nan da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. Akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. A Ikko kuma akwai gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, mai ɗauke da sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya cikin littafi uku. In kuma lalle ekklesiya ba ta bukatar ƙararrawarta, to ta ba wata ƙaramar ekklesiya da ba ta da ita, a rubuta a littafin kowannensu. Wannan ya fi sikeli daraja nesa ba kusa ba.

Mu mutanen wannan yanki ma ya kamata mu fi kowa kunyar jahiltar ƙarfe. Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama suka zauna. Labarin Bayajida kuma ya ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma cikin tsarinsa akwai reshe zuwa Dutse da zai bi ta Gaya. Yaran da za su ga jirgi a ƙofar gidansu za su tambaye mu yadda na da yake, ya kamata su tarar da abin da za mu nuna musu.

A ƙauyen nan dai ba a sayar da komai ba. An mai da ƙararrawar kan sababbin gwafanni, an yi wa guntun dogon rumfa, an rubuta sunan wanda ya kawo shi a shafin farko na sabon littafi. Matasa suka yi noman gayya a gonar ekklesiya don kuɗin lasifika. Da zan tafi dattijon ya rako ni har bakin hanya, ya ce, "Malam, labarin ya ragu, amma yanzu namu ne." Na ce, "Haka ne Baba, kuma wannan ba mai iya ƙaryata shi."

'Yan'uwa, ran Lahadi mai zuwa in an tashi sujada, kafin ku kama hanyar gida, ku zaga ku dubi abin da ya kira ku. Allah ya ba mu hikima. Amin.